Auna: A Yi Shiri Tun Ruwa Bai Zo Ba

Jama'a, ran 29 ga Mayu, 2025, ambaliya ta afka wa Mokwa da asuba, ta hallaka mutum fiye da 150, ta share gidaje a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mutanen Auna, ta Ƙaramar Hukumar Magama, suna zaune ne tsakanin ruwaye, ga kogin Kontagora, ga tafkin Kainji wanda aka datse a 1968. Fadamar da ke ciyar da su ita ce ruwa ke fara ci idan ya yi toroƙo.

Kowace shekara hukumar NIHSA takan fitar da hasashen ambaliya. Amma ina amfanin gargaɗin da ya tsaya a ofis cikin Turanci? Kamata ya yi a isar da shi ga hakimi da dagatai, a sanar a masallatai da kasuwa. Hukumar HYPPADEC kuwa, wadda aka kafa domin yankunan madatsun lantarki, ta gina magudanai, ta tanadi tudun da za a koma. Mu ma mu daina gini a hanyar ruwa.

Allah ya kiyaye, amin.