FILIN KIMIYYA DA FASAHA: Yawan Fanka Ba Shi Ne Sanyi Ba

Kowace shekara idan hunturu ya kau, bazara ta kunno kai, masu kwamfutar tebur sukan shiga wani hali. Sai mutum yana tsakiyar aiki na'ura ta fara gurnani, ta yi nauyi, wani lokaci ma ta mutu ɗungum, aikin yini ya salwanta. Dalili kuwa shi ne zafi. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato firosesa, an ƙera ta ne ta rage gudu da kanta idan zafinta ya kai wajen digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salsiyas, domin kada ta ƙone.

Da yawa sukan garzaya kasuwa su sayo fankoki su cusa cikin akwatin, suna zaton yawansu ne magani. Alhali kuwa abin da iska ke bukata shi ne hanya: ƙofar shiga da ƙofar fita, kamar dai ɗaki mai taga biyu suna kallon juna.

Ƙa'idar ita ce, fankokin gaba da na ƙasa su jawo iska mai sanyi, na baya da na sama su fitar da mai zafi. Wanda ya ɗaura fanka a juye ya sa iska biyu suna karo, zafi kuwa ya tsaya cik. Gane fuskar fanka ba wuya. Gefen da ke da sandunan da suka riƙe injin, nan iska ke fita, wasu ma akwai 'yar kibiya a jikinsu. In ana shakka, a kusanto da zare a ga inda ya karkata.

Ya kamata iskar da ke shiga ta ɗan rinjayi wadda ke fita, misali fanka biyu a gaba, ɗaya a baya. In aka yi akasin haka, akwatin zai riƙa zuƙo ƙura ta kowace kafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka a sa raga mai tace ƙura a bakin fankokin gaba. Haka kuma fanka mai faɗin milimita 140 ta fi mai 120 tura iska ba tare da yawan ƙara ba.

Sauran aikin na mai na'ura ne. A ɗaure wayoyi a kawar da su daga hanyar iska. Kada a manna akwatin da bango, kada kuma a ɗora shi kan darduma, ta toshe kafofin ƙasa. Idan za a hure ƙura, a zare wayar lantarki tukuna, a danne fanka da yatsa don kada ta yi ta juyawa.

Wanda ya kiyaye waɗannan tun kafin watan Maris, ya huta da kai na'urarsa wurin mai gyara. Rigakafi dai ya fi magani.