Auston Matthews da gardamar inda yaro zai goge

'Yan uwa, hokin ƙanƙara ba wasanmu ba ne, amma wata gardama da ake yi a kansa a Amurka da Kanada ta tsaya mini a rai: yaro mai baiwa, ina ya kamata ya je ya goge?

A 2015 Auston Matthews, wanda ya tashi a jihar Arizona, yana da shekara 17. An haife shi ranar 17 ga Satumba 1997, don haka kwana biyu kacal suka hana shi shiga zaɓen 'yan wasa na babbar gasar NHL a shekarar. Hanya biyu aka sani: gasar matasa ta WHL, inda ƙungiyar Everett ke da haƙƙin ɗaukarsa, ko jami'a. Sai ya tsallake duka ya tafi Zurich a Siwizalan, ya kara da magidanta.

Ni dai ina bayansa. Yaron da ya fi ƙarfin sa'anninsa, in aka bar shi cikinsu, ƙungiya ce ke cin riba wajen sayar da tikiti, shi kuwa yana ta maimaita darasin da ya haddace. Sharaɗina ɗaya: a sa shi a fili. Zaman benci cikin manya asarar shekara ce.

A 2016 Toronto ta zaɓe shi na farko, ya ci huɗu a wasansa na farko da Ottawa. Masu goyon bayan Everett za su ce ko can ya je haka zai yi. Wannan kam ba ni da abin da zan kayar da su da shi.