Ƙarar Inji a Ƙasa Ba Ita Ce Lafiyarsa a Sama Ba

Masu haɗa ƙananan jiragen sama da ake sarrafawa daga ƙasa sun daɗe da gano cewa injin na'urar yankan ciyawa zai iya ɗaga jirgi. Daga cikin waɗanda suke juyawa akwai GX25 da GX35 na kamfanin Honda, injina masu bugu huɗu da aka ƙera domin su yi aiki ko a karkace ko a kife, ba tare da baƙin mai ya bar inda ake buƙatarsa ba. Maƙeri yakan cire murfi da kulocin da duk wani nauyin da ba dole ba, ya ɗaura farfela. Wannan aikin ƙarfe ne, kuma yana da iyaka. Inda akasari ake asarar jirgi shi ne wajen saita kafireta, saboda wata ɗabi'a da ta zama jiki: murɗa allura har inji ya kai ƙololuwar ƙara, a ɗauka an gama. Wannan ɗabi'ar kuskure ce, kuma ya kamata a bar ta.

Aikin kafireta shi ne gauraya iska da fetur. A lissafi, fetur yana ƙonewa tas idan an haɗa kashi ɗaya nasa da kashi 14.7 na iska bisa nauyi, amma inji ya fi ba da ƙarfi idan mai ya ɗan fi haka yawa, wajen kashi ɗaya cikin 12.5 zuwa 13. Rarar man nan ba ɓarna ba ce, domin tana rage zafin ƙonewa. Idan mai ya yi ƙaranci, inji mai sanyaya kansa da iska yakan ɗau zafi, bawul ɗin fitar da hayaƙi ya soma ci, ƙarfi ya ragu, daga nan inji ya mutu. Babur idan ya mutu sai a gangara gefen titi. Jirgi kuwa sai dai mai shi ya yi fatan akwai fili a gabansa.

Kafiretar waɗannan injina ba irin ta babur ba ce mai ƙwaryar tara mai a ƙasa. Tana amfani da 'yan siraran fatun roba guda biyu: ɗaya tana zuƙo mai daga tanki, ɗayar tana auna abin da zai shiga. Wadda ake sayar da injin da ita ba ta ba da damar gyara sosai, saboda dokokin rage hayaƙi na Amurka da Turai, don haka maƙera da yawa sukan musanya ta da wata ta kamfanin Walbro mai allurai biyu. Allurar L tana kula da silo da ɗaukar totur, allurar H kuma tana kula da cikakken gudu.

A nan ne kwaɗayi yakan shigo. Wasu sukan zaɓi kafireta mai faɗin maƙogwaro da zaton ƙarfi zai ƙaru. Sai dai inji mai bugu huɗu sau ɗaya yake shaƙar iska a kowane juyi biyu, saɓanin mai bugu biyu da ke shaƙa a kowane juyi. Idan maƙogwaro ya yi faɗi, iska takan wuce a hankali, ta kasa janyo mai yadda ya kamata, allurai kuma su daina amsa gyara. Haka nan bugun iskar da ke motsa famfon mai yakan yi rauni idan an ɗauko kafiretar da aka yi wa inji mai bugu biyu. Wanda bai warware waɗannan biyun ba, ko ya wuni da sukudireba a hannu ba zai samu daidaito ba.

Babbar hujjar dai ita ce halin farfela. A ƙasa, jirgi na ɗaure, farfela tana fama da iska mai tsayuwa. Da zarar ya tashi ya kama gudu, nauyin da ke kanta yakan ragu, juyin inji ya ƙaru, buƙatar mai ta hau. Idan jirgi ya ɗaga hanci sama, sai famfo ya jawo mai daga tankin da ya koma ƙasa da shi. Saboda haka saitin da ya kai ƙololuwa a ƙasa ba ya barin rarar da za a dogara da ita a sama. Shi ya sa ƙwararru sukan nemo ƙololuwar da na'urar auna juyi, sannan su buɗe allurar H kaɗan har juyi ya sauka da kamar 200 zuwa 300 a minti ɗaya. Sukan kuma ɗaga hancin jirgin sama da totur a buɗe, su ga ko injin zai riƙe muryarsa.

Kafin a taɓa allura ma akwai abin dubawa. Tazarar bawul a waɗannan injina na Honda ita ce milimita 0.08 a na shiga da 0.11 a na fita, inji na sanyi. Idan ta kauce, alamomin sukan yi kama da matsalar kafireta. Akwai kuma ɗan ramin da ke murfin fatar auna mai, wanda dole ya ji iska mai natsuwa. Idan guguwar farfela tana dukansa, saiti zai riƙa sauyawa tare da gudun jirgi, sai an jona masa siririn tiyo zuwa cikin gangar jirgin.

Masu kare saiti da kunne za su ce gogaggen makanike yana jin abin da na'ura ba ta ji, kuma yawan mai shi ma yana baƙanta fulogi, ya sa inji tari idan an ja totur. Gaskiya ne, babu mai cewa a shaƙe inji da fetur. Amma illolin biyu ba ɗaya ba ne: ɗan rarar mai kuɗinsa fulogi da ƙarfi kaɗan, ƙarancinsa kuwa kuɗinsa jirgi sukutum, wani lokacin har da lafiyar 'yan kallo. Kunne kuma ƙara yake so, alhali ƙarar tana kaiwa matuƙa ne dab da bakin hatsari.

Saiti ma ba ya dawwama. Iska tana raguwa da kusan kashi goma cikin ɗari a kowace mita dubu ta tudu, don haka injin da aka daidaita a Legas zai sha mai fiye da kima a Jos, wanda aka daidaita a Jos kuma zai yi ƙishirwa a Legas. Sanyin safiyar hunturu da zafin azahar na bazara ma kowanne da nasa. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Abin da ya dace da mai wannan sana'a shi ne ya ɗumama inji, ya fara da L kafin H, kada ya murɗa fiye da kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a lokaci guda, ya rubuta abin da na'ura ta nuna. Juyi ɗari biyun da ya haƙura da su a ƙasa su ne za su dawo masa da jirginsa.