ALLO DA MURHU: Albashin Malama, Na Wa Ne?

Tun da na yi magana a fitowar da ta gabata a kan tashin asuba da sallamar yara kafin a kaɗa ƙararrawa, wasiƙu suke ta shigowa, na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. To amma guda ɗaya ce a cikinsu ta tsaya mini a rai, har na ga bai kamata in amsa ta a ɓoye ba, domin na san ba mai ita kaɗai ke cikin wannan hali ba.

Wata 'yar uwa ce, malama a wata ƙaramar sakandare a ƙasar Gwaram, ta kuma roƙi in sakaya sunanta. Ga abin da ta ce:

"Anti Malama, shekarata shida da aure, 'ya'yanmu uku. Tun watan da aka fara biyana albashi maigidana ya karɓe katin ATM ɗina, ya ce ai shi ya ba ni izinin fita aiki, don haka kuɗin nasa ne. Ran da albashi ya shigo shi zai je wajen mai POS ya cire, ya miƙo mini kuɗin acaba, sauran ban san inda suke shiga ba. Mahaifiyata ta kwanta asibiti a Birnin Kudu, na roƙe shi ko dubu goma in kai mata, ya ce babu. Yanzu kuma ina jin ƙishin-ƙishin lefe yake haɗawa. Da na yi magana sai ya ce in zaɓa, ko aikin ko auren. Don Allah mene ne hukunci, kuma yaya zan yi?"

Kai jama'a! Wallahi sai da na ajiye takardar nan na yi salati. Amma tunda ruwa ba ya tsami banza, bari mu fara duba inda rigimar ta samo asali.

Iyayenmu mata ba su san wannan rigima ba, domin sana'arsu a cikin gida take: kaɗi, saƙa, ƙuli-ƙuli, dakau, kiwon awaki. Kuma ko a wancan lokaci babu namijin kirki da zai buɗe asusun matarsa ya kwashi kuɗin ƙulinta, abin kunya ne a gari. Birnin Kudu gari ne da ya ga boko da wuri, kowa ya san kwalejin gwamnati ta nan, wadda ko Alhaji Aliko Ɗangote a cikinta ya gama sakandare a 1978. Sai dai galibi 'ya'ya maza ne suka ci wannan moriya. Mata sun fara shiga aji da yawa ne bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, sannan aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004, wadda ta ce karatu daga firamare har aji uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne. Daga nan ƙananan sakandare suka yaɗu har ƙauyuka, aka shiga neman malamai mata, mu kuma da muka yi NCE a Kwalejin Ilimi ta Gumel muka samu shiga. Kuɗin mace ya tashi daga cikin kwalla ya koma banki, ya zama ana sanin ranar zuwansa da adadinsa. Nan ne idon wasu mazan ya buɗe.

Sannan ga tsadar rayuwa. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a gidajen man gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, amma duk wadda ke cefane ta san kasuwa ta riga albashi gudu. Don haka ban ce maza ba sa cikin matsi ba. Suna ciki, Allah Ya sani. Sai dai matsi daban, ƙwace daban.

Ni ba malamar fiƙihu ba ce, lissafi nake koyarwa, amma abin da muka karanta a Islamiyya, kuma malamanmu suke nanatawa, a fili yake. Ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana da sauran ɗawainiyar gida a wuyan miji suke gwargwadon ƙarfinsa, ko da matar ta fi shi dukiya. Dukiyar mace tata ce, sadakinta ne ko gadonta ko ribar sana'arta ko ladan aikinta, ba ta halatta ga miji sai abin da ta ba shi da daɗin rai. Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, 'yar kasuwa ce mai dukiyarta. Nana Zainab 'yar Jahshi da hannunta take jima tana sadaka da abin da ta samu. Ita kuwa Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud, da ta nemi a tambayar mata game da ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, amsar da aka ba ta ita ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Ku lura da kalmar nan, sadaka. Ashe abin da mace ta sa a gidan mijinta kyauta ce da ake ba ta lada a kai, ba haraji ba ne da ake karɓa da tsawa.

Ban ɓoye ɗaya ɓangaren ba, don kar a ce na yi son kai. Miji yana da haƙƙi a kan fitar matarsa, kuma aikin koyarwa yana cinye wani ɓangare na lokacin gida, daga safe har bayan azahar, ban da makin jarrabawa da dare. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, matar aure ba ta kyautar da abin da ya haura sulusin dukiyarta sai da yardar mijinta. To amma wannan hana almubazzaranci ne, bai mayar da dukiyar ta zama tasa ba. In ma'aurata sun zauna sun daidaita cewa za ta riƙa sa wani abu a gida saboda fitar da take yi, babu laifi, sulhu ne. Abin da babu shi a ko'ina shi ne a riƙe kati da lambar sirri, a hana mace ta kai wa uwarta magani da guminta.

Wasu za su ce, ke Malama, yaya kike yi a naki gidan? Zan faɗa muku, ba don yabon kai ba, sai don a ga abin mai yiwuwa ne. Na fara koyarwa a 2006, kafin aurena. Da magana ta kankama, Baffana, Allah Ya jiƙansa, ya kira Baban su Ummi zaure a gaban waliyyinsa, ya ce, "Yaro, yarinyar nan malama ka same ta. Ka yarda ta ci gaba ko ba ka yarda ba? Faɗi yanzu, kar sai an shafa fatiha." Ya ce ya yarda. Baffa ya ce, "Albashinta fa?" Ya ce, "Baffa, ai ba albashi na zo nema ba." Aka yi dariya, amma shaidu sun ji. A lokacin har haushin Baffa na ji, ina ganin zai kore mini saurayi. Ashe abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

An gwada wannan alkawari a 2012, da aka mayar da ni wata makaranta a wajen Basirka. Kullum sai na yi sammako na bi motar haya daga Birnin Kudu, in sauka in hau acaba, in damina ta yi ƙarfi kuma wani lokacin sai an tuɓe takalmi an ratsa ruwa. Kusan rabin albashina a hanya yake ƙarewa, ga goyo a baya. Surukata, Hajiya, ta kira ɗanta ta ce, "Wannan wace irin wahala ce? Mace ta fita tun duku-duku ta bar maka gida, kuma ko kwabonta ba ka gani?" Da ya zo mini da maganar ban ɗaga murya ba. Na ɗauko littafi da biro, na ce, "Malam, zo mu yi lissafi, ai sana'ata ce." Muka rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita. Muka tsaya a kan cewa hatsi da cefane da kuɗin asibiti nasa ne, ni kuma na ɗauki kuɗin motata da ladan yarinyar da ke taya ni aiki da kuɗin tara na yara, sauran in yi adashina in taimaki iyayena. Ranar Juma'a na sayi turmin atamfa da goro na kai wa Hajiya, na durƙusa na ce, "Hajiya, ga kwabon da ake cewa ba a gani." Ta yi dariya har da hawaye, daga ranar ita ke riƙe mini yara in na makara.

Da kasuwa ta juya wa Baban su Ummi baya a daminar 2023, shagonsa ya kusa zama kango, ni na sayi buhun masara da kuɗin adashina ba tare da ya tambaya ba. Mutumin nan sai ya ɗauko littafin nan namu ya rubuta bashi. Na ce haba Malam, tsakanina da kai? Ya ce, "Malama, ciyarwa tawa ce, bar ni in san nauyin da ke kaina." Bayan kaka ya kawo kuɗin, na karɓi rabi na yafe rabi. Wallahi 'yan uwa, wanda bai ƙwace ba shi ake ba da yawa.

Ku kuma 'yan uwana malamai mata, ban bar ku ba. Akwai waɗanda ran da albashi ya shigo ko gaisuwar miji sai sun ga dama, magana kaɗan sai gori, "da kuɗina na saya." Akwai mai ganin miji na neman kuɗin maganin ɗansu, ita kuwa tana can tana zuba adashin leshi da sarƙa. Wannan ba 'yanci ba ne, rashin tarbiyya ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma irin wannan hali shi ke ba mazan banza hujja.

Abin da ya fi damuna ma ba mu manya ba ne, 'yan matan da ke zaune a gabanmu ne a aji. Duk shekara ina fara aji ɗaya da 'yan mata cike da benci, kafin jarrabawar aji uku sai in ga gurabe. In na bi sawu gida, uba ya ce, "Malama, me bokon zai amfana mata? Ga wance can tana aiki, miji ke cinyewa." Wani kuma ya ce, "Na ga yadda 'yan boko ke raina maza." Kun gani, mai ƙwace da mai gori duk sun haɗu sun rufe wa yarinya ƙofa. Alhali ƙasar nan ta gaji karatun mata tun kafin zuwan Bature. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. In babu malama a ƙauyen Fagam ko Sara ko Kila, wa zai zama likitar da za ta duba matanmu gobe a asibitin tarayya na Birnin Kudu?

To 'yar uwa mai wasiƙa, ga shawarata. Kar ki ajiye aikinki, kuma kar ki yi gaggawar ajiye aurenki, ba a yanke hukunci cikin fushi. Ki nemi lokacin da ransa ke sanyi, ba ranar albashi ba, ki ce, "Maigida, ina so mu tsara abin da zan riƙa sawa a gida duk wata," ki faɗi adadin da za ki iya da daɗin rai, sannan ki nemi katinki. Kar ki haɗa maganar da zancen lefe; in zai ƙara aure wannan tsakaninsa da aljihunsa ne, ke dai ba da guminki ba. In ya ƙi, ki sanar da waliyyinki, ya samu nasa waliyyin, a zauna da limamin unguwa ko wani malami da yake jin nauyinsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Duk abin da aka daidaita a kai, a rubuta, shaidu su sa hannu. Asusun da sunanki yake, kina da ikon zuwa banki ki canja kati da lamba, amma ki bari sai manya sun san halin da ake ciki, don kar a juya laifin ya dawo kanki. In duk wannan ya faskara, kotun shari'a tana nan, kuma neman haƙƙi a gaban alƙali ba fitsara ba ce. Mahaifiyarki kuwa kar ki jira a gama sulhu, ki nemi rance wajen abokan aiki ko 'yan adashinku ki kai mata, uwa ba ta jira.

Ku kuma iyaye masu 'ya'ya a Gumel ko wata kwaleji, ku yi irin ta Baffana, a yi maganar nan a zaure tun kafin a sa rana. Rigakafi ya fi magani.

Ina jiran wasiƙunku, musamman ku maza, ku ma a ji ta bakinku, ba za a tauye kowa ba. A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu, za mu duba zancen malamin da ke neman auren ɗalibarsa. Allah Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, Ya sa albarka a abin da muke samu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.

Taku har kullum,
Malamar Lissafi, Birnin Kudu.