Lasin Babur: Rukunin 'A' Shi Ne Jarin Farko Na Sabon Mahayi

Sanin kowa ne cewa tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, babur ya ƙara samun daraja a harkokin kasuwancin birnin Gombe. 'Yan kasuwa da ma'aikata da dama da suka saba fita da mota sun jingine ta sun koma kan babur, yayin da matasa a unguwanni irin su Gabukka da Pantami da Bolari da Jekadafari ke ta neman wanda zai damƙa musu babur su riƙa kawo masa balas. Daga Babbar Kasuwa zuwa Tudun Hatsi, daga Tashar Dukku zuwa hanyar Biu, babur ne ke kai saƙo, shi ke ɗauko buhu, shi ke mayar da mai shago gida da daddare. Abin da aka bari a baya shi ne takardar da doka ta ce sai da ita za a hau shi, watau lasin tuƙi na rukunin da ya dace.

Wannan magana ta shafi masu jari fiye da yadda suke zato, domin kuwa kowane babur da ke yawo a kan titi dukiyar wani ce, sau da yawa ma ta bashi ce ko ta adashi.

Dokokin hanya na ƙasa na shekarar 2012 sun kasa lasin tuƙi zuwa rukuni-rukuni, kowane da harafinsa. Rukunin A na babur ne. Rukunin B na ƙananan motocin gida ne waɗanda nauyinsu bai kai tan 3 ba. Rukunonin C da D da E sun shafi motocin haya da na kaya da na fasinja, F na taraktoci ne da injinan noma, G na tireloli, H na katafila da sauran injinan aikin ƙasa, J kuwa an keɓe shi ne domin masu buƙata ta musamman. Abin lura a nan shi ne, a wajen bayyana rukunin B da sauran rukunonin mota, doka ta fito fili ta cire babur daga cikinsu. Ke nan mai lasin B, ko da ya shekara 20 yana tuƙin mota, ba shi da izinin hawa babur a bisa doka har sai ya mallaki rukunin A.

A nan ne kuskuren farko yake. Matashi ya tara 'yan kuɗinsa, sai a ba shi shawarar ya yanki lasin mota, wai ai babba ya haɗiye ƙarami, kuma wata rana zai yi masa amfani idan Allah ya hore masa mota. Wannan shawara asara biyu ce. Ya biya kuɗi mai yawa a kan abin da ba zai yi aiki da shi yanzu ba, sannan abin da yake hawa kullum ya zauna babu takarda. Bisa farashin da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Haraji ta amince da shi, wanda aka soma aiki da shi a watan Yunin 2025, lasin babur ko keke mai ƙafa uku na shekara 3 Naira 7,000 ne, na shekara 5 kuwa Naira 11,000, alhali na mota Naira 15,000 ne da kuma Naira 21,000. Wannan ban da kuɗin koyo da na gwaji. Idan aka dubi jadawalin laifuffuka na dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta 2007, tarar tuƙi ba tare da ingantaccen lasin ba Naira 10,000 ce. Watau kamu ɗaya tak ya fi kuɗin lasin shekara 3, ba a ma yi maganar yinin da za a rasa babur yana tsare ba.

Hanyar samun lasin kuwa a bayyane take, kuma hukumomi uku ne ke da hannu a ciki. Jami'an duba lafiyar ababen hawa, waɗanda aka fi sani da VIO, su ne ke gwada mai nema su tabbatar ya iya. Hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ita ke karɓar kuɗi ta kuma miƙa lasin. Hukumar Kiyaye Haɗurra, watau FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke ɗaukar hoto da zanen yatsu, ta ajiye bayanai a rumbun ƙasa, ta buga katin. Tilas mai nema ya cika shekara 18, ya kuma gabatar da lambarsa ta zama ɗan ƙasa, watau NIN. Bayan ɗaukar hoto akan ba shi takardar wucin gadi ta kwana 60 kafin katin ya fito. Duk wanda ya ce zai kawo wa mutum lasin har gida ba tare da ya je an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa ba, to, jabu zai kawo masa, kuma ranar da aka buga lambar a na'ura aka ga babu ita, mai riƙe da takardar ne zai amsa tambaya, ɗan kamashon ya daɗe da yin gaba.

Sai dai zaɓen harafin da ya dace rabin aikin ne kawai. Rukunin A na Nijeriya bai bambanta ƙaramin babur da babba ba. Yaron da ya koyi hawa jiya a kan roba-roba, da takarda ɗaya zai iya hawa babur mai ƙarfin da ya ninka nasa sau biyar ko fiye. A ƙasashen Tarayyar Turai abin ba haka yake ba. Tun daga watan Janairun 2013 suke aiki da tsarin hawa-hawa: rukunin A1 na babur ne da injinsa bai wuce cc 125 ba, ana kuma iya samunsa daga shekara 16; rukunin A2 na matsakaicin babur ne da ƙarfinsa bai wuce kilowat 35 ba, daga shekara 18; cikakken rukunin A kuwa sai mutum ya kai shekara 24, ko kuma ya yi shekara 2 a kan A2. Hikimar wannan tsari ita ce, hannun sabon mahayi bai riga ya san ma'aunin totur da birki ba, kuma kuskuren da ƙaramin babur zai yafe masa, babba ba zai yafe ba.

Tun da doka ba ta yi wannan rabo a nan ba, nauyin yinsa ya faɗo kan mahayi da iyayensa da mai ba shi babur. Sa'ar da aka yi ita ce, baburan da suka fi yawa a titunan Gombe, irin su Bajaj Boxer da TVS da Jincheng, galibi injinansu tsakanin cc 100 ne zuwa 150. Abin da hankali zai ɗauka shi ne sabon mahayi ya fara da mafi ƙanƙanta, ya yi watanni yana hawa shi kaɗai a cikin unguwa kafin ya ɗauki goyo, ya kuma saba da goyo kafin ya ɗora buhun masara ko ya hau babbar hanyar Bauchi ko ta Yola, inda zai yi gogayya da tireloli masu dakon siminti da hatsi. Nauyin fasinja ko na kaya yana sauya yadda babur ke tsayawa da yadda yake shan kwana, kuma wannan abu ne da ba a koyonsa a yini guda. Da rarrafe yaro kan tashi.

Alƙaluman duniya sun isa gargaɗi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a haɗurran hanya a kowace shekara, kuma kaso mai yawa daga cikinsu masu hawa babur ne da keke mai ƙafa uku. Hukumar ta kuma bayyana cewa sanya hular kwano mai inganci yadda ya kamata na rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 74 cikin 100. Ba a manta da abin da ya faru a watan Janairun 2009 ba, sa'ad da aka soma tilasta sanya hular kwano a faɗin ƙasar nan, wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a kai domin kauce wa kamu. An yi dariya a lokacin, amma darasin da ke ciki shi ne, dokar da mutum bai fahimci amfaninta ba, dabarar kauce mata kawai zai nema. Shi ya sa gwajin da ake yi kafin ba da lasin yake da muhimmanci, matuƙar an yi shi da gaske, domin a nan ne ake sanin ko mahayi ya san alamomin hanya, da wanda ke da hannu a shataletale, da illar wuce babbar mota ta gefen da direbanta ba ya gani.

Ga mai jari kuwa, lissafin a fili yake. Attajirin da ya sayi babura 10 ya raba wa matasa, dukiyarsa tana hannun mutum 10 ne, kuma idan bai tambaye su lasin ba, bai san ko sun iya ba, ba shi kuma da wata shaidar hukuma a kan ko su wane ne. Bugu da ƙari, akwai batun inshora. A farashin da Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta fitar, wanda ya soma aiki a watan Janairun 2023, inshorar kare haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna Naira 3,000 ce a shekara ga babur, tana kuma ɗaukar nauyin ɓarnar dukiya har ta Naira miliyan 1. Amma sharuɗɗan inshorar abin hawa sukan tanadi cewa mai tuƙi ya kasance yana da lasin da ya dace da abin da yake tuƙawa. Idan yaro marar lasin, ko mai lasin mota, ya daki motar wani a kan babur, ƙofa a buɗe take ga kamfani ya ƙi biya, daga nan sai rigima ta dawo kan mai babur. Haka abin yake ga masu shagunan magani da gidajen burodi da dillalan kaya da ke ɗaukar yara aikin kai saƙo.

Daɗin daɗawa, sana'ar kanta tana buƙatar wannan kariya. An hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja a 2006. An hana ta a Kano a watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano, Alhaji Ado Bayero. Gwamnatin Legas ta hana ta a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022. A duk waɗannan wurare hujjar hukuma ba ta wuce tsaro da yawan haɗurra ba, kuma dubban magidanta ne suka wayi gari babu abin yi, masu sayar da kayan gyara da kanikawa su ma suka ji a jikinsu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sana'ar da kowane mai yinta ke da lasin mai hoto da zanen yatsu, da lambar babur mai rajista, ta fi ƙarfin a yi mata kuɗin goro a ranar da wani ɓata-gari ya yi aika-aika.

Masu babura na da nasu ƙorafin, kuma ya cancanci a saurare shi. Suna cewa wanda ke neman na cefane kullum ba zai iya barin aiki ya yi ta zarya tsakanin ofisoshi uku ba, cewa kati kan daɗe bai fito ba, cewa kuma makarantun koyon tuƙi sun fi mayar da hankali ga mota. Wannan gaskiya ce da hukuma ba za ta kawar da kai daga gare ta ba. Sai dai maganinta shi ne a sauƙaƙa hanya. Ya kamata hukumomin uku su keɓe ranaku na musamman domin masu babura, su je inda suke taruwa a yi gwaji da biyan kuɗi a wuri guda, a kuma yi bayanin dokokin hanya da Hausa da Fulatanci. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa, irin su ACOMORAN, da ke karɓar kuɗin tikiti daga mambobinsu, na iya tara musu kuɗin lasin kaɗan-kaɗan, su kuma sanya rukunin A ya zama sharaɗin shiga tasha. Su ma dillalan babura da bankunan da ke ba da su bashi, babu abin da zai hana su neman ganin lasin kafin su miƙa mabuɗi, domin kuɗinsu suke karewa.

A matakin ƙasa kuma, lokaci ya yi da masu tsara dokokin hanya za su duba yiwuwar raba rukunin A gida biyu ko uku, a bambanta ƙaramin babur da babba, a kuma bambanta mai hawa don kansa da mai ɗaukar fasinja don kuɗi, kamar yadda aka bambanta direban gida da na haya a ɓangaren mota. Rayukan da ɗan acaɓa ke ɗauka a yini ba su gaza na direban tasi daraja ba.

Kafin a kai ga haka, abin da ke gaban matashin Gabukka da ke shirin hawa babur a bayyane yake: ya nemi rukunin A, ya je da ƙafarsa a gwada shi, ya fara da ƙaramin inji, ya sayi hular kwano ta gaske, ya yanki inshora. Wanda zai ba shi babur kuma ya tabbatar ya ga waɗannan takardu da idonsa kafin a yi maganar balas. Rigakafi dai ya fi magani, kuma a wannan harka ya fi shi araha nesa ba kusa ba.