Turancin Ciniki: Yadda Za Mu Nemi Ragi Idan Muka Sayi Kaya Da Yawa



Duk wanda ya tashi a Talata Mafara, Bakura ko Maradun ya san ciniki tun yana ƙarami. Ranar Talata, in kasuwar Mafara ta cika, muna jin yadda ake tayawa, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, har ya sallama, wani lokaci ma da gyara. To amma da zarar mai kayan ba ya jin Hausa, sai bakinmu ya mutu, mu biya duk abin da aka yanka mana. Kuɗin iyayenmu ne ke tafiya a banza.

Irin wannan ciniki kuwa yana ƙaruwa. Akwai masu shaguna 'yan Kudu a Gusau da Sabon Garin Kano, ga dilolin Legas da Anacha da ake ciniki da su ta WhatsApp. Haka kuma, idan baƙo ya zo sayen shinkafar da aka noma da ruwan madatsar Bakolori, ɗan makaranta ake kira ya yi tafinta.

Jimloli huɗu sun ishe mu farawa. Mu soma da farashin guda ɗaya: "How much is one?" Kada mu yi saurin faɗin yawan da muke so, domin sai mun san kuɗin ɗaya za mu gane ko an yi mana ragi. Sai mu biyo da: "What if I take a dozen?", wato in na ɗauki dozin fa? Na uku: "Please give me a discount", ma'ana a yi mini rangwame. Na ƙarshe: "What is your last price?", wato nawa za ka sallama?

Ga misali. A ce littafin rubutu ₦500 ne. Dozin guda 12 ne, kuɗinsa ₦6,000. Idan aka rage kashi 10 cikin 100, an cire ₦600, za mu biya ₦5,400, kowane littafi ya faɗo ₦450 ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mutum huɗu a aji za su iya yin karo-karo a farkon zango, su sari dozin su raba uku-uku.

Sai dai a kula da tarko biyu. "Fifteen" 15 ne, "fifty" 50 ne, kuma a cikin hayaniyar kasuwa kusan ɗaya suke a kunne. A nemi mai kaya ya rubuta adadin a takarda ko a waya. Haka nan "each" na nufin kowane ɗaya, "altogether" kuma duka gaba ɗaya. Rashin bambance su kan jawo rigima bayan an gama ɗaure kaya. Matambayi ba ya ɓata, don haka mu tambaya kafin mu miƙa kuɗi, mu kuma karɓi rasit.

Aikin wannan mako: mu rabu biyu-biyu, ɗaya ya zama mai shago, ɗaya mai saye, a yi cinikin biro 24 da Turanci. Wanda ya iya wannan ya rage wa gidansu asara, ya kuma ƙara shirin WAEC da NECO a Turanci da lissafi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.