Waiwaye: Rarrafen Julie Moss da Darasin Shiri

A watan Fabrairun 1982, wata ɗalibar jami'a 'yar Amurka mai shekara 23, Julie Moss, ta shiga gasar Ironman a Kona da ke tsibirin Hawai. Ba ƙwararriyar 'yar wasa ba ce. Nazari take yi kan yadda jikin ɗan Adam ke aiki lokacin motsa jiki, sai ta ga gara ta gwada da nata jikin. Gasar kuwa ba ta wasa ba ce: ninƙaya ta kusan kilomita 4 a teku, a fito a hau keke kilomita 180, a sauka a yi gudun kilomita 42, duk a rana guda ba hutu. Irin wannan gasa mai hawa uku ita ake kira tirayatlon, kuma a San Diego aka fara irinta ta zamani a 1974.

Julie ce ke kan gaba a cikin mata har duhu ya shigo. Saura ƙiris ta kai, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Ta faɗi, ta miƙe tana tangaɗi, ta sake faɗuwa. Kathleen McCartney ta wuce ta, ta lashe gasar. Bayan daƙiƙa 29 Julie ta ƙaraso da rarrafe, hannu da gwiwa a kan kwalta. Gidan talabijin na ABC ya nuna wa duniya, kuma mutane da yawa sun shiga wannan wasa saboda abin da suka gani.

Ƙarfin zuciyarta ba abin musu ba ne, kuma ina girmama shi. Amma abin da nake so mai shirin gasarsa ta farko ya ɗauka shi ne, jiki yana da lissafinsa. Akwai ajiyar sukari a cikin tsoka da hanta, aiki mai tsanani kan cinye ta cikin awa biyu ko ƙasa da haka. Zufa kuma tana tafiya da ruwa da gishiri. Idan waɗannan suka ƙare ba a mayar ba, ƙafa sai ta daina jin umarni komai son mai ita. Don haka ci da sha a kan keke abu ne da ake koyo tun a atisaye, kuma ba a gwada sabon abinci ranar gasa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan ba dole ba ne a fara da Ironman. Akwai gajeren zango: ninƙaya mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Ninkinsa shi ne zangon Olamfik, wanda aka fara sakawa a wasannin Olamfik a Sidni a shekarar 2000. Mai lafiya da ya ba gajeren zangon wata uku na atisaye ba fashi zai iya kammala shi.

Wurin da ya fi bukatar natsuwa shi ne ruwa. Yawancinmu mun tashi da keke da gudu, amma ninƙaya ba kowa ya koya ba. Ko wanda ya saba da wurin wanka na kankare zai tarar da tafki ko teku daban. Babu bangon da zai dafa, ba ya ganin ƙasa, ga ƙafafun mutane suna dukansa ta ko'ina, ga sanyin da ke tsinke numfashi. Dole ya koyi ɗaga kai lokaci-lokaci ya hango alamar da ke shawagi a gaba, in ba haka ba zai karkace ya ƙara wa kansa tafiya. Mafi yawan rayukan da aka rasa a wannan wasa a ruwa aka rasa su. Shi ya sa ganin likita kafin a fara, musamman a duba zuciya, ba abin sakaci ba ne.

Akwai kuma mahaɗar matakan. Wanda ya sauka daga keke ya fara gudu zai ji ƙafafunsa sun yi nauyi kamar ba nasa ba. Maganinsa shi ne ya riƙa haɗa su a atisaye: ya sauka daga keke, nan take ya yi gudun minti goma. Ya kuma saba da shirya kayansa, takalmi a buɗe, lamba da hular kwano a kusa, domin doka ta ce sai an ɗaure hular kwano kafin a ɗauki keke.

Mutum yakan so maimaita abin da ya iya, ya kauce wa wanda ke ba shi tsoro. Wannan gasa ba ta yarda da haka, domin matakin da ka raina shi zai kayar da kai. Ka duba cikin ukun nan wanne ne ka fi rauni a kai, ka ba shi mafi yawan lokacinka. Idan ruwa ne, nemi malamin ninƙaya tun wannan makon, kuma kada ka taɓa shiga tafki kai kaɗai.